Irin Albasar Malam Sada

Duk wanda ya san Katsina kafin a tashi lambunan bayan Ƙofar Guga ya san Malam Sada mai albasa. In bai san shi da ido ba, ya ci albasarsa a miya. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, kuma kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda jan jigo tun yana yaro. An haife shi zamanin En'e a wani lungu da ke cikin ƙofar, a gidan da ba a taɓa sanin wata sana'a ba sai lambu. Ya yi karatun allo har ya sami abin yin salla, daga nan mahaifinsa ya miƙa masa igiyar guga.

A wancan zamani, in mutum ya fita ƙofar da hantsi ya ɗaga ido, kore ne shar. Latas, karas, tumatir, alayyafo, ga rijiyoyi birjik, kowace da jigonta a tsaye, curin laka a gindin sanda, guga a kai. Kukan jigo shi ne agogon unguwar: in ya yi shiru, an tafi azahar. Masu dafa wa Turawa abinci sukan zo daga GRA a kan kekuna su sayi latas. Mutumin gari kuwa albasa ke kawo shi, in kuma albasa ce, ta gidan su Sada ake fara tambaya.

Ba wata ƙatuwa ba ce. 'Yar shimfiɗaɗɗiya ce, ja wur har tana neman komawa baƙa, ɓawonta a ɗame kamar an ja mata fata. Rabin guda ya ishi tukunyar gida. Amma abin da ya fitar da ita daban shi ne tana cin damina. Albasar kowa, da ruwa ya zauna sai ta fara laushi tana wari. Ta gidan su Sada kuwa tana rataye a rumfa har a yanke gero, ka latsa ta ka ji ta kamar dutse. Sai lokacin da ta kowa ta ƙare a kasuwa tasu ke fitowa.

Wanda bai yi lambu ba yakan ɗauka irin albasa kamar gero yake, a zuba a rumbu a manta. Ba haka ba ne. Sai an zaɓi kawuna mafi kyau a girbin bazara, a rataye su su ƙetare damina, a mayar da su ƙasa da shigowar sanyi, su yi tsiri su fitar da farin fure, sannan a sami iri, baƙaƙe ƙanana. Waɗannan kawuna su ake kira uwar iri. Shi kuma irin ba shi da tsawon rai. Shekarar farko yana da ƙarfinsa, ta biyu ya raunana, ta uku gawayi ne kawai. Albasar nan ta iso hannun Sada ne domin tun zamanin kakan mahaifinsa ba a taɓa tsallake rani ɗaya ba.

Gidan yana da doka guda: iri ba ya fita. Ba a sayarwa, ba a kyauta, ba a ba 'ya mace ta kai gidan miji. Yana zaune cikin wata tsohuwar gyanɗama, an gauraya shi da toka, an toshe bakin da tsumma, a ɗakin maigida. Kuma tun da kan albasa ma iri ne in aka dasa shi, duk wadda za ta kasuwa sai an sa wuƙa an fafe gindinta, daidai inda saiwa ke fitowa. Sada da matarsa Rakiya sukan zauna a tsakar gida da kwando a tsakaninsu suna wannan aiki, idanu na zuba, babu mai cewa komai.

Wanda dokar ta fi ci wa rai shi ne Tanko, ɗan gwaggon Sada, taubashinsa, mai lambu a bayan Ƙofar Marusa. Uwarsa a gidan aka haife ta, ta fafe gindin albasa har ranar da aka kai ta ɗaki, amma ɗanta bai sami ko tsunkule ɗaya ba. Sai ya mayar da abin wasa. In suka haɗu a kasuwa ko wajen suna, bayan an gama gaisuwa, zai karkata hula ya ce:

"Sada, ran da ka cika, gyanɗamar nan tare za a rufe ku, ko kau ita ma takaba za ta yi da Rakiya?"

"Tokar zan bar maka wasiyya, ka kai ma matarka ta yi ruwan toka."

"Kai dai rowa! Ko kaza ta shiga gidanku sai kun duba bakinta kafin ta fita."

Haka suke tun suna samari, jama'a na dariya, su ma suna yi.

A shekarar 1979 soja suka koma bariki. Gari ya cika da tutoci da motoci masu lasifika, har Rakiya ta yafa mayafi ta je ta jefa ƙuri'a, karo na farko a rayuwarta, ta dawo tana nuna wa maƙwabta babban yatsanta. Ba a jima ba sai ga safiyo, mai awon fili, da turakunsa a tsakiyar latas. Sabbin masu mulki suna da jama'a, jama'ar kuma tana son filin gini. Aka tara masu lambu a ƙofar gidan mai unguwa, wani saurayi mai babbar riga sabuwa fil ya yi musu bayani. Ba ƙwace ba ne, in ji shi, musaya ce. An gama wani dam can kudu cikin duwatsu, a wurin da ake kira Tsaunin Kurciya, kuma kowa zai sami fili a ƙarƙashinsa wanda ya ninka lambunsa.

"Kun gama jan guga, iyayena. Ruwa zai zo da ƙafarsa har bakin fangalinku."

Aka zuba su a babbar mota aka kai su su gani. In za a faɗi gaskiya, ba tilas kaɗai ce ta kai Sada can ba. Tun bayan babban fari rijiyarsa ke sauka, kowace shekara sai ya ƙara wa guga igiya. Ɗansa namiji tilo, Mudassir, ya zama direban babbar mota, ya ce shi da laka har abada. Shi kuma Sada, gadon bayansa ya fara yi masa magana da asuba. To, sai ga shi tsaye a kan bangon dam. Tsaunuka biyu sun taho kamar za su gaisa, aka toshe tsakaninsu da tarin ƙasa da dutse, ruwa ya kwanta a bayansu shuɗi, ya shige lunguna, ya zagaye duwatsu, ba a ganin ƙarshensa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ɗebo ruwa guga-guga ya tsaya yana kallo, bakinsa na motsi. Na kusa da shi ya ɗauka tasbihi yake. Shi kuwa fangalin albasa yake shatawa a ransa.

Mutum ɗaya ne ya rage masa murna. Elijah, wani birkila mutumin Filato da ke haya a gidan da ke jikin nasu, wanda duk unguwa ke kira Iliya, yana cikin masu zuba siminti a magudanar da za ta ɗauko ruwan daga dam zuwa gonaki. Ran Asabar yakan dawo gida don ya sami coci ran Lahadi, ya tsaya a ƙofar Sada su gaisa.

"Iliya, ina labarin ruwanmu?"

"Baba, ruwa yana nan. Hanyarsa ce ba ta nan. Inda muka kai da siminti, in ka tsaya a wurin kana jin tarin mai gadin dam."

"Za ku kai."

"Allah ya sa, Baba. Amma in ni ne, ba zan saki rijiya ba sai na jiƙa ƙafata a can."

Sakin rijiya ba a hannun Sada yake ba. Yana kwashe girbinsa na bazarar 1980, katafila ta zo ta ture jigon kowa, ta cike rijiyoyin da ƙasa.

Damina ta zo ta wuce. Ya fafe albasarsa ya sayar kamar kullum, ya bar uwar iri kaɗai. An ce ruwa da kaka. Ya yi 'yar bukka a sabon filin, jar ƙasa mai tsakuwa, ya ja fangali, ya zauna jira. Irin da ke cikin gyanɗama zai iya ɗan haƙuri. Uwar iri ba ta haƙuri, ta riga ta fara tsiro a rataye, dole ya binne ta. Magudanar da ta bi ta gefen filinsa kuwa busasshen rami ce kawai, awaki na shan inuwa a ciki. Sai ya koma ɗaukar ruwa da garwa biyu a sanda, ya hau gangare zuwa tafkin, ya sauko, safe da yamma, yana ɗan shekara sittin da 'yan kai. Rabin ruwan a hanya yake zubewa. A haka ya riƙe su har suka yi tsiri. Daga nan ciwon haƙarƙari ya kayar da shi, Elijah ya roƙi wani direban tifa aka kawo shi gida a kwance. Ran da ya iya komawa, ya tarar tsirin ya kwanta ya bushe kamar karan tsintsiya, furen bai ko buɗe ba. Babu kuma wani kan albasa nasa da ya rage a duniya wanda za a iya dasawa. Da wuƙarsa ya tabbatar da haka.

Saura gyanɗama. Da daminar 1981 ta ja baya, ya tsunkulo iri ya baza a jiƙaƙƙen tsumma, ya kifa ƙwarya. Da lokacin buɗewa ya yi, waɗanda suka fasa ba su kai rabi ba. Rakiya na tsaye a kansa, ta gani kamar yadda ya gani: bana ce ta ƙarshe.

"Malam, ka kai ma Tanko."

"Ba a yi."

"Wa ya rage da zai yi maka faɗa? Duk waɗanda suka kafa dokar suna maƙabarta."

Ya sake kifa ƙwaryar. Ita ce ta aika wa Tanko a ɓoye. Tanko ya zo bayan la'asar, suka zauna da Sada a zaure, suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi jiki, ya tambayi Mudassir da hanya. Ranar bai karkata hula ba.

"Na share maka fangali huɗu a bakin rijiyata ta gabas. Ruwa nawa, taki nawa. Ka zo ka shuka abinka."

"In ya yi fa?"

"In ya yi mu raba. Ba zan yi maka ƙarya ba, Sada, ina so. Tun ina yaro nake so."

"Ka san abin da Baba ya ce."

"Kawu ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Shi ba ya neman ruwa yanzu. Abin da ke cikin gyanɗamar nan ne ke nema."

"An ce bana za a buɗe ruwan."

"Bara mi aka ce?"

Sada ya shiga murza bakin tabarma. Da Tanko ya zo da wasa, wataƙila da ya sami hanyar amsawa cikin dariya. Tausayin ne ya kasa haɗiyewa.

"Wato ka ga na faɗi, ka zo ɗaukar abin da ka daɗe kana hange."

Tanko ya dube shi, ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. "Fangali huɗun na nan. Sai dai ba za su jira ka har sanyi ya fita ba."

Abin da ya ƙarasa Sada shi ne, a wannan karon maganar ta zama gaskiya. Aka kafa rumfuna a kan bangon dam, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka jera 'yan makaranta a rana, makaɗa na ta yi. Manyan baƙi suka iso daga Kaduna. Bayan jawabai, babbansu ya kama wata ƙafar ƙarfe mai kama da sitiyarin mota ya murɗa, ruwa ya yi tsawa ya fito. Ya bi simintin, ya faɗa ramin ƙasa, yana tura ganye da kashin awaki a gabansa, da la'asar sai ga shi a gefen filin Sada. Tsohon ya tuɓe takalmi ya shiga har ƙwauri, yana dariya shi kaɗai.

A nan Elijah ya same shi, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa.

"Iliya! Zo ka gani, na jiƙa ƙafar."

"Na gani, Baba. Amma an sallame mu jiya. Ɗan kwangila ya kwashe injinansa. Ramin nan ba zai riƙe ruwa ba, a gindin wancan dutsen yashi ne zalla. Don Allah ka shuka rabi a nan, ka kai rabi wurin ɗan'uwanka."

"Kai ma Rakiya ta saye ka?"

"Ni ba ni da lambu, Baba. Siminti na sani, na kuma san inda ya tsaya."

Ko a tsohon lambu ba a taɓa juye gyanɗama duka ba. Rabi ake shukawa, a bar rabi saboda fara ko tsutsa. Sada ya san wannan sarai. Amma iri mai rauni sai an cika hannu, rabin da za a bari kuma baɗi ba shi da amfani, in ba wurin Tanko za a kai shi ba. Ga ruwa na gudu a gabansa, da sanyinsa a ƙafarsa. Washegari da sassafe ya yi bisimilla, ya watsa irin duka, ya kifa gyanɗamar ya bubbuga gindinta.

Ya kuwa fito. Ba duka ba, amma ya fito, siri-siri kamar allurai, kowanne da kansa a lanƙwashe. Sada yakan tsuguna a bakin fangali tun fitowar rana yana kallonsu. Ya aika wa Rakiya cewa ta gaya wa Tanko ya dasa tumatir ɗinsa, kada ya ɓata wuri.

Wata safiya ya fito daga bukka ya tarar magudanar ta zama taɓo. Ta ɓalle a gindin dutsen, ruwa ya malale cikin gonakin dawar wani ƙauye da ba a girbe ba. Mutanen ƙauyen suka kai ƙara, aka zo aka rufe ƙofar ruwan, aka sa mata sarƙa da kwaɗo. Sada ya hau gangaren ya sami mai gadin dam, wani dattijo mai suna Mamman, yana gyaran fatsa a inuwa.

"Malam Mamman, ka taimake ni ka buɗe, ko na rabin yini ne."

"Da mi, Malam? Da haƙorina? Makulli na wurin injiniya."

"Injiniyan na ina?"

"Kaduna. An ce maganar gyara sai majalisa ta zauna."

"Yaushe za ta zauna?"

"Tana zaune, ai. Faɗa suke." Mamman ya ciji zaren fatsarsa ya tofar. "Ko na fasa kwaɗon ma, ba zai iso ka ba. Can zai zube a dawar mutane, su zo su ƙone mani ɗaki."

Sada ya juya ya dubi tafkin. Cike yake fal, iska na kaɗa shi yana bugun duwatsu, har wani tsuntsu na nutso yana fitowa da kifi. Ya sauko ya ɗauki garwa. A sawu na farko ƙirjinsa ya riƙe, ya zauna a kan dutse yana haki, ruwan na tsiyaya a ƙasa. Uwar iri tana da jikin da za ta ci in an yi mata jinkiri. Jaririn tsiro ba shi da komai, rana ɗaya mai zafi ta ishe shi. Kafin yamma gefen fangalin ya fara kwanciya.

Ba a dashen albasa sai ta yi ƙwari, waɗannan kuwa ba su fi zare ba. Duk da haka, da gari ya waye ya sa fartanya ya yanko su da ƙasarsu, ya jera a kwanduna biyu, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya ja su zuwa bakin titi. Tun hantsi yake tsaye, sai da rana ta karkata ya sami motar 'yan kasuwa. Aka ɗora kwandunan a sama tare da kaji. Duk ramin da motar ta faɗa, a jikinsa yake jin shi.

Ya iske Tanko a bakin rijiya yana jan jigo. Tanko ya dube shi, ya dubi kwandunan, ya saki igiya. Bai yi wasa ba, bai ce ai na faɗa maka ba.

"Fangali ɗaya ya rage," ya ce. "Sauran na sa tumatir, kamar yadda ka aiko."

Suka durƙusa su biyu, tsofaffi, suna tsince masu rai daga cikin matattu har magariba ta kore su.

Abin da ya tsira bai cika ƙaramin kwando ba a girbin bazara, amma ita ce: ja, shimfiɗaɗɗiya, ɓawo a ɗame. Ko ɗaya ba a ci ba. Sada ya rataye su a ɗakinsa, suka ƙetare damina lafiya lau, har ya fara amsa wasan Tanko kamar da. Da sanyi ya shigo suka binne su a lambun Tanko, kusa da rijiya inda ido zai riƙa kaiwa, gefe da gefe da uwar irin Tanko, ga ta maƙwabtansa a tsallaken shinge. Duk suka yi fure lokaci ɗaya, fari fat, zuma na tashi daga wannan tana sauka a wancan. Sada ya ga abin ya yi masa kyau. Da irin ya bushe, da hannunsa ya raba shi biyu ya tura wa Tanko rabi.

"Riƙe. Ka huta da yi mani gori."

"Allahu akbar! A kira mai tambari, gidan Kawu sun yi kyauta!"

Aka shuka, aka yi dashe, aka girbe a bazarar 1984. A lokacin soja sun sake karɓe mulki, masu manyan riguna wasu na tsare, wasu sun tsallake iyaka. Tun a bakin fangali Sada ya ga abin da bai gane ba. Wata ta fito dunƙulalliya, wata doguwa, wata fara-fara, wata ja amma ɓawonta sakwa-sakwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsince waɗanda suka fi kama da ta gida, ya rataye. Ya ce damina ce za ta raba gardama.

Ta kuwa raba. Ruwa na zama, ɗakin ya fara wari. Ya sauko da damin ya latsa ta farko, babban yatsansa ya nutse. Ta biyu haka, ta uku haka. Sai a lokacin ya gane abin da ya sa mahaifinsa ke kai uwar iri can ƙarshen tsohon lambu, bayan kukoki, wurin wata 'yar rijiya mai wuyar ja, nesa da albasar kowa. Shi ma haka ya yi ta yi shekara da shekaru, yana ɗauka don ɓarayi ne. Ba a taɓa gaya masa dalili ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. An ce masa nan ake yi, kamar yadda aka ce masa ba a bayarwa. Zuma ta gauraya tasa da ta mutane tun a fure, a gaban idonsa, yana murmushi.

Rakiya ta kwashe su ta yanke wuraren da suka lalace, ta yi miya da sauran. Ya ci, ya wanke hannu. Ta tsaya tana jiran abin da zai ce.

"Albasa ce," ya ce.

Da yamma ya je ya gaya wa Tanko. Tanko ya nuna masa rumfarsa. Nasa damin ma ya ruɓe.

"Da ka ba ni tun muna samari, Sada, da na yi ta ɓatawa ina dawowa wurinka har mu gane. Da yanzu ni ke ba ka."

"Na sani."

"Ba gori nake maka ba."

"Na sani, Tanko."

Bai sake komawa Tsaunin Kurciya ba. Sauran masu lambun Ƙofar Guga da aka kai can su ma suka watse, wasu suka koma dako, wasu gadi, filayen suka zama makiyaya. Sada ya ƙarasa rayuwarsa a lambun Tanko yana cirar ciyawa da ɗaure latas, domin jigo ya fi ƙarfinsa. A majalisar ƙofar masallaci, in aka taɓo siyasa, yakan zagi masu manyan riguna da kakkausar murya har a ba shi haƙuri: sun cike rijiyoyin da kakanni suka haƙa, sun tara ruwan duniya sun sa masa kwaɗo. Duk wanda ya ji ya san gaskiya ya faɗa. Rabon da ya san nasa ne a cikin asarar kuwa, ban da Tanko bai taɓa yin maganarsa da kowa ba.

Ya rasu da bazara, shekara biyu bayan an ba Katsina jiha. Tanko ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Elijah ya tsaya daga bakin maƙabarta da hularsa a hannu har aka gama. Har zuwa ranar ba a gyara magudanar ba, kuma masunta sun ce ba su taɓa ganin wurin da kifi ke ƙiba kamar tafkin nan ba.